Kwamiti ya ce a rufa asiri a sallame shi, uwar yarinya kuma ta kasa barci

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Na kawo maganar nan ne saboda na san akwai lauyoyi da ma'aikatan asibiti da malamai a cikinmu. Ba zan faɗi suna ko unguwa ba, don Allah kada wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya.

'Yar maƙwabciyata ce, shekararta 11. Wata biyu ke nan ta tsani Islamiyya. Da an kira la'asar sai ta ce cikinta ke ciwo. Yarinyar da a da ita ke wanke hijabinta da kanta, sai ga shi ana tsintar hijabin a cusa bayan buhun masara. Har duka ta sha a kan haka. Jiya Lahadi uwar ta ja ta ɗaki ta lallashe ta, nan ta faɗi abin da malaminsu na hadda yake yi mata in an tashi, da sunan zai ƙara mata biya. Ya ce mata ranar da ta gaya wa wani, duk karatunta zai zube, uwarta kuma za ta mutu.

Yau bayan azahar kwamitin makaranta ya zauna, ni na raka uwar. Abin da ya tsaya mini a rai, shi malamin kujera aka ba shi, uban yarinya kuwa a tabarma. Suka ce za su ba da naira dubu 200 kuɗin magani, za a sallami malamin cikin mutunci ya bar unguwar, mu kuma mu rufa asiri domin addini. Ana cikin haka bakin wani dattijo ya suɓuce ya ce "dama can inda ya baro irin wannan surutun aka yi." Ke nan sun sani suka ɗauke shi. Uban yana neman amincewa, don shugaban kwamitin shi ne mai gidan da suke haya. Uwar tana nan ɗakina yanzu haka. Me za mu yi?

Anti Nas: Maman Hanifa, a ajiye komai tukuna. Yaushe ne na ƙarshe?

Maman Hanifa: Shekaranjiya Asabar, da yamma.

Anti Nas: To lokaci bai ƙure ba, amma ya kusa. Maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, wato zuwa gobe Talata da yamma. Gobe da sassafe ku kai ta cibiyar Salama. A nan Kaduna akwai a asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, akwai a Gwamna Awan da ke Kakuri, kowanne ya fi muku kusa. Na Zariya suna da tasu a Gambo Sawaba, akwai kuma ta Kafanchan. Don wannan aikin aka buɗe su, ba a biyan kuɗi, kuma ba sai da yardar kwamiti ba. Za a duba ta, a ba ta magani, a rubuta rahoton likita, a sami mai zama da ita ta saurare ta. Kayan da ta sa ranar, in ba a wanke ba kada a wanke, a naɗe a takarda ko ambulan, ban da leda. Abu na ƙarshe, ku daina sa ta maimaita labarin gaban kowa. Duk wanda ya shigo ya ce "faɗa mini da bakinki", ku ce ta riga ta faɗa.

Baban Sadiƙ: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Asibiti kam dole a je. Amma maganar hukuma ina ganin a bi a hankali. Wanda ya rufa asirin musulmi Allah zai rufa nasa. Yarinya mace ce, gobe aure za ta yi, kun san bakin mutanenmu. Sannan a garin nan akwai masu jiran su ji an ce malamin Islamiyya ya yi kaza su yi ta yayatawa. Naman malamai guba ne. Tunda za a kore shi, ai an hukunta shi.

Hajiya 'Yar Zazzau: Maganar aure da Baban Sadiƙ ya kawo ba ƙarya ba ce, na aurar da mata biyar, na san irin binciken da dangin miji ke yi. Sai dai asirin yarinya daban, asirin mutumin nan daban. Kwamiti ya haɗa su ne ya ɗaure da igiya ɗaya don iyayen su kasa kwance ɗaya su bar ɗaya.

Malam Abu Ammar: Malam Baban Sadiƙ, hadisin da ka kawo ingantacce ne, amma ba nan ne muhallinsa ba. Shekara 19 ina koyarwa a Islamiyya, don haka ciwon nan nawa ne kafin ya zama na kowa. Rufin asiri na wanda ya yi saɓo ne tsakaninsa da Ubangijinsa, ya ɓoye, ya yi nadama. Wanda ɓarnarsa ke faɗa wa bayin Allah, ballantana ƙananan yara da aka ba shi amana, rufa masa asiri taimaka masa ne a kan zalunci. A Suratun Nisa'i aya ta 148 Allah ya ce ba ya son bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta. Wa aka zalunta a nan? A aya ta 135 kuma an umurce mu mu tsaya da adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi.

Lokacin da matar nan ta Banu Makhzum ta yi sata, manya suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi, ya ce abin da ya halaka na da shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi. Kujera da tabarmar da Maman Hanifa ta ambata ita ce wannan. Kuma kada wani ya ruɗe iyayen da maganar shaidu huɗu. Wannan yarinya ba zina ake tuhumarta da ita ba, ƙarar wanda ya cuce ta take kawowa. A cikin malaman Malikiyya, Alƙali Ibnul Arabi ya ɗauki fin ƙarfi a kan mutuncin mace a matsayin fashi, har ya ce ya fi fashin dukiya muni.

Maganar naman malamai guba ne, an yi ta ne don hana cin naman malami a kan ƙarya da hassada. Ba a yi ta don a ba kura ajiyar nama ba.

Ɗan Kawo: Ni abin da ke ba ni haushi, a kan mutum ɗaya za a yi ta jan sunan malamai a ƙasa. Je ku duba abin da limaman Katolika suka yi a Turai da Amurka, dubbai. Namu ai bai kai ko ƙafar nasu ba. Kuma wani lokaci in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shugaban Zaure: Ɗan Kawo, jimlarka ta ƙarshe ka goge ta. Yarinya 'yar shekara 11 ake magana. Ba zan maimaita ba.

Mama Rifkatu: Ɗana Ɗan Kawo, ni Kirista ce, a Sabon Tasha nake, kuma ba zan musa maka ba. An yi, kuma ya fi yadda kake tsammani. Amma tunda ka kawo, bari mu duba yadda aka yi, don abin da kwamitin nan ke shirin yi shi ne ainihin abin da ya kai su can.

A Boston ta Amurka, a 2002 'yan jaridar Boston Globe suka tono labarin wani fada mai suna John Geoghan. Sama da mutum 130 suka ce ya lalata su suna yara. Manyansa sun sani. Duk lokacin da iyaye suka kawo kuka sai a lallashe su, a roƙe su su yi shiru saboda darajar ikilisiya, a ɗauke shi a kai shi wata majami'a inda ba wanda ya san shi. Shekara kusan 30 ana wannan. Da takardu suka fito, shugaban cocin Katolika na Boston, Kadinal Bernard Law, ya sauka a Disambar shekarar, a 2003 kuma aka biya diyyar dala miliyan 85 ga mutum sama da 500. A Faransa, hukumar binciken da cocin da kansa ya nema a kafa ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kusan dubu 216 ne limaman coci da masu hidimar zuhudu suka ci zarafinsu tun daga 1950. Ba don duk limaman mugaye ba ne aka kai wannan adadi. Mugu ɗaya da aka bari yana yawo shekara da shekaru, lissafa yara nawa zai taɓa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Angilika, don ya iso nahiyarmu. Wani lauya a Ingila, John Smyth, mai shirya wa samari sansanin bishara, yana yi musu dukan azaba da cin zarafi. Tun 1982 wasu manyan coci suka sami rahoto a rubuce, ba su kai wa 'yan sanda ba. A 1984 ya tattara ya koma Zimbabuwe, ya buɗe wani sansanin, ya ci gaba da yaran Afirka. Ya mutu a Afirka ta Kudu a 2018 ba a taɓa yanke masa hukunci ba. A Nuwamba 2024 shugaban cocin Ingila, Justin Welby, ya sanar da sauka daga kujerarsa saboda rahoto ya nuna tun 2013 ya sani bai bi maganar yadda ya kamata ba. "A sallame shi cikin mutunci ya bar unguwar", wannan ita ce Zimbabuwe tamu.

Ban karanta waɗannan don sha'awa ba. Ƙanwata tana 'yar shekara 14 tana cikin 'yan waƙa, faston da ke kula da matasa ya lalata ta. Dattawan ikilisiya suka zo gidanmu da dare, suka durƙusa suka yi addu'a, suka karanta wa babanmu "kada ku taɓa shafaffuna", suka ce ɗan'uwa ba ya kai ɗan'uwa kotu. Ba wanda ya karanta inda Yesu ya ce wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe gara a rataya masa dutsen niƙa a wuya a jefa shi teku. Aka yi masa bikin bankwana, mata suka haɗa kuɗi suka saya masa turmin atamfa na matarsa, aka tura shi wani reshe. Ƙanwata yau ta haura 40, ko ƙarar ganga ta ji daga coci sai ta rufe taga. Babanmu har ya rasu yana cewa da ya sani.

Laifi tudu ne, ɗana. Garin nan mun sha wuyar "naku ya fi namu" tun 2000, har kogi ya raba mu gida biyu. Masu taɓa yara su kaɗai ke cin ribar wannan, don kowane ɓangare yana ɓoye nasa kada na tsallaken gada su yi masa dariya.

Ɗan Kawo: Mama ki yi haƙuri. Na goge. Allah ya ba ƙanwarki lafiya.

Maman Hanifa: Mama Rifkatu, na karanta wa uwar yarinyar, ta ce a gaishe ki.

Rigasa Gida: Mu da muke Rigasa ba ma buƙatar zuwa Boston. Satumba 2019 'yan sanda suka fasa gidan nan da ake kira makarantar gyaran tarbiyya, suka fito da sama da mutum 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabo, wasu suka ce an yi lalata da su. Aka kwashe su zuwa sansanin alhazai. Iyaye ne da kansu suka kai su suna biyan kuɗi. Shekaru muna wucewa ta gaban gidan, sunan malam ya hana kowa tambaya.

Barista: Na shigo a makare, ina kan hanya daga Zariya. Maman Hanifa, ki karanta wa uban wannan a nitse.

Fyaɗe laifi ne tsakanin mai laifi da gwamnati. Kwamiti, mai unguwa, har uban kansa, ba wanda doka ta ba ikon ya yafe shi a kan kuɗi. Kada su karɓi dubu 200 ɗin nan, kada su sa hannu a kowace takarda. In sun karɓa, gobe lauyan wanda ake tuhuma zai miƙe a kotu ya ce dama kuɗi suke nema. In an sake kiran zama, uban ya rubuta rana da sunayen waɗanda suka halarta da abin da kowa ya ce, musamman dattijon da bakinsa ya suɓuce.

Dokoki muna da su. Jihar nan ta yi dokar kare yara da dokar hana cin zarafin mutane a 2018. A Satumba 2020, zamanin El-Rufa'i, aka gyara kundin hukunta laifuka: wanda aka samu da laifin yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, hukuncinsa dandaƙa da kisa, in an haura 14 kuma dandaƙa da ɗaurin rai da rai. A wannan shekarun babu maganar "da yardarta".

Inda ake shan wuya shi ne hanya. Za a kai rahoto caji ofis, daga nan yawanci a mayar da shi hedikwatar bincike ta jiha. Za a kai shi gaban majistare a tsare shi, amma majistare ba shi da hurumin yanke wannan shari'a, sai babbar kotu, ita kuma sai ma'aikatar shari'a ta duba fayil ta ba da shawara. A wannan tsakanin ne shari'u ke mutuwa. Watanni su wuce, manya su yi ta sintiri gidan iyaye da dare, maƙwabta su daina gaishe su, kuɗin mota ya ƙare, ranar da aka kira shaida a nemi iyaye a rasa. Shi ya sa kuke buƙatar lauya naku, ko da yake gwamnati ce mai gabatar da ƙara. Aikinsa ya bi fayil daga tebur zuwa tebur, ya zauna a kotu yana sa ido a madadinku, ya roƙi a saurari yarinyar ba a bainar jama'a ba. Ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, tana da reshe a Kaduna kuma tana irin wannan aikin kyauta. Akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa.

Dalilin da ya sa maganar Anti Nas ta fi tawa gaggawa: a Dokar Shaida ta 2011, yaron da bai kai 14 ba ba a rantsar da shi, kuma ba a ɗaure mutum da maganarsa kaɗai sai da wata hujja da ta ƙarfafa ta. Rahoton likita shi ne wannan hujjar. Sai kuma rajistar makaranta, da yaran da suka ga ana tsayar da ita in an tashi.

Kada kowa ya sa sunan mutumin ko hotonsa a Facebook yanzu. Za ku ba shi damar ƙarar ɓata suna, kuma duk wanda ya gane shi ya gane yarinyar.

Hajiya 'Yar Zazzau: Barista, ita makarantar fa? Shi ke nan ta sha?

Barista: A'a Hajiya. Wanda ya ɗauki mutum aiki yana sane da abin da ya baro, ya damƙa masa yara ba mai sa ido, ana iya ƙararsa a nemi diyya saboda sakaci. Wannan ƙara ce daban, kuma ita tana da wa'adi. Ku tuna ƙarar da Busola Dakolo ta shigar a kan Fasto Biodun Fatoyinbo bisa zargin ya yi mata fyaɗe shekaru da dama da suka wuce, shi kuma ya musanta zargin. A Nuwamba 2019 kotu a Abuja ta kore ta, daga cikin dalilan har da cewa lokacin shigar da ita ya wuce. To mai irin wannan ciwon sau da yawa sai ya girma yake iya buɗe baki. Jihar Niyok ta Amurka ta gane haka, a 2019 ta buɗe ƙofa ta wani lokaci ga duk wanda aka cuta yana yaro ya kawo ƙara komai daɗewa. A can abin da ya sa shugabanni suka fara tsoron ɓoye mai laifi shi ne ganin kotu tana tilasta a fito da takardu, asusu kuma yana girgiza. Fafaroma Francis ma sai a 2019 ya kafa dokar da ta wajabta wa limamai kai rahoto ga manyansu, bayan shekara 17 da Boston.

Baban Sadiƙ: Na ji hujjojin Malam, na karɓa. Amma Barista, kisa fa ka ce. Mutumin nan yana da mata da 'ya'ya. Wane uba ne zai iya zama a unguwa ana nuna shi ana cewa shi ya sa aka kashe malam?

Barista: Wannan tambayar taka gaskiya ce, ni ma a ra'ayina tsananin hukuncin yana ƙara wa iyaye nauyi, yana sa masu roƙo su ƙara ƙaimi. Na fi son hukuncin da za a tabbatar an yi a kan mai tsanani da ba a kai wa gare shi. Amma hukunci na alƙali ne, akwai ɗaukaka ƙara a bayansa. Abin da ke hannun uban kawai shi ne ko mutumin nan zai shiga wani aji ranar Asabar mai zuwa.

Shugaban Zaure: Wani ɗan zaure ya turo mini wannan ya ce in saka ba suna: "Ni namiji ne, ina da 'ya'ya huɗu. Ina ɗan shekara 9 a makarantar allo wani gardi ya yi mini. Na gaya wa babban malaminmu, ya sa aka zane ni wai ina ƙage. Ko matata ba ta sani ba. Ku riƙa tambayar 'ya'yanku maza su ma. Ku gaya wa uban yarinyar nan, abin da ya fi yi mini ciwo har yau ba gardin ba ne, bulalar ce."

Malam Abu Ammar: Allah ya saka maka, ɗan'uwa. Mu masu makarantu, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A tamu mun cire ƙyauren ajin hadda, malami namiji ba ya tsayar da ɗaliba shi kaɗai, kuma ba ma ɗaukar malami sai mun taka da ƙafa zuwa inda ya baro. Maman Hanifa, in uban zai yarda, ki ba shi lambata ta hannun Shugaba. Zan je in same shi bayan asuba. In maganar haya ce ke tsorata shi, zauren nan ba zai gagara haɗa masa kuɗin ɗaki ba.

Mama Rifkatu: A sa sunana a farko.

Maman Hanifa: Jama'a barkanmu da yamma, yanzu muka shigo. An duba ta, an fara ba ta maganin, an rubuta rahoto. Uban da farko ya ce ba za shi ba, Malam ya zauna da shi a ƙofar gida har rana ta fito, muna shiga Keke sai ga shi ya biyo mu. Daga asibiti muka wuce caji ofis. Shugaban kwamiti ya kira shi sau shida bai ɗauka ba, ɗazu kuma ya aiko yaro wai a tuna masa kuɗin haya ya kusa. Matan layinmu biyu sun wuce ni ba gaisuwa.

A hanyar dawowa yarinyar ta matso ta tambaye ni a kunne, wai da gaske karatunta zai zube? Izu 12 gare ta. Na ce ta biya mini inda ta tsaya, ta fara, muryarta na rawa, ta kai ƙarshen shafi ba gyara.

Barista, sun ce mu koma jibi da ƙarfe 9. Takardar asibitin asalinta za mu ba su ko kwafi?

Barista: Kwafi. Ku yi guda uku, asalin ya zauna a ɗakinki, ba a gidan hayar ba. Zan same ku a bakin ƙofa tara saura kwata.